Wane ne ya fi kowa a tarihin besbol, idan aka ware masu jifa?

Abu Safiyya ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina da tambaya ga waɗanda suka daɗe suna bibiyar wasan besbol na Amurka. Idan aka ware masu jifa, wato masu wurga wa mai bugu ƙwallo, gefe guda, aka bar 'yan wasan da aikinsu shi ne bugu da gudu da tsaron fili, wane ne ya cancanci a sa shi a gaba, kuma su wane ne ke biye da shi? Sunayen da ake yawan ambata ba sa wuce shida, wato Babe Ruth, Willie Mays, Hank Aaron, Ted Williams, Barry Bonds da Ty Cobb, amma kowane marubuci da irin yadda yake jera su. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne yadda za a ɗora mutumin da ya yi wasa a 1920, lokacin da ƙungiyoyi 16 ne kacal kuma an hana baƙar fata shiga, a kan sikeli ɗaya da wanda ya yi wasa a 2001, lokacin da ƙungiyoyi suka kai 30 kuma 'yan wasa ke zuwa daga ƙasashe da yawa. Ina roƙon duk wanda zai amsa ya kawo hujjarsa tare da sunan da ya zaɓa.

Tsohon Malami ya amsa:

Wa alaikumus salam, Abu Safiyya. Tun da ka cire jifa daga lissafi, amsata ita ce Willie Mays, kuma dalilina yana cikin tambayar taka. Abu biyar ake nema a wurin ɗan wasan da ba mai jifa ba: ya riƙa samun ƙwallo idan ya kai mata duka, dukan ya zama mai ƙarfi, ya iya gudu, ya iya cafka, sannan hannunsa ya iya aika ƙwallo inda ake bukata. Manyan da ka lissafa kowannensu yana da inda ya gaza a cikin biyar ɗin nan ko inda ya tsaya tsaka-tsaki, amma Mays ya haɗa su gaba ɗaya, ya kuma riƙe su fiye da shekara ashirin. Ya buga hom-ran 660, wato bugun da ke tsallake shingen fili, ya saci zango, wato ya ruga zuwa zango na gaba ba tare da jiran a bugi ƙwallo ba, fiye da sau 330, ya kuma karɓi kyautar Safar Zinariya ta iya tsaron fili sau 12 a jere, daga 1957 da aka fara ba da ita har zuwa 1968. An zaɓe shi gwarzon gasa a 1954, aka sake zaɓensa a 1965, shekara 11 tsakani, kuma wannan tazara ta isa shaida a kan tsawon lokacin da ya ɗauka yana kan ganiyarsa. Duk wannan ya yi shi ne bayan aikin soja ya cinye masa mafi yawan kakar 1952 da dukan kakar 1953.

Akwai faifan da ya kamata ka nema ka kalla, domin gani ya kori ji. A wasan farko na World Series, wato jerin wasannin ƙarshe na fitar da zakara, na 1954, a filin Polo Grounds da ke New York, ana 2 da 2 a zagaye na takwas, Cleveland na da mutum biyu a kan zango, sai ɗan wasanta Vic Wertz ya narka wa ƙwallo duka ta nufi can ƙarshen tsakiyar fili. Mays ya juya wa mai bugu baya ya sheƙa da gudu, ya miƙa hannu ya cafke ƙwallon ta saman kafaɗarsa, sannan ya juya nan take ya wurgo ta cikin fili har hularsa ta faɗi. Mutane sun fi tuna cafkar, amma ni jifar da ta biyo baya ta fi burge ni, domin ita ce ta sa Larry Doby, wanda yake zango na biyu, ya tsaya a na uku bai kai gida ba. Giants, ƙungiyar Mays, suka ci wannan wasa, suka cinye sauran ukun, alhali Cleveland ta zo da nasara 111 a kakar. Irin wannan aiki ba ya fitowa a lissafin hom-ran, kuma duk jerin da ya manta da shi ya koma jerin masu bugu kawai. Bayan Mays ina sa Ruth, sai Aaron.

Ɗan Birni ya amsa:

Malam, ina girmama ra'ayinka, amma ban yarda a sauke Ruth daga matsayi na ɗaya ba, ko da an share shekarunsa na jifa a Boston an bar bugunsa kaɗai. Hanyar da ta fi adalci wajen auna mutanen zamani daban-daban ita ce a duba tazarar da kowa ya bai wa tsararsa, tun da babu wanda ya zaɓi lokacin haihuwarsa. A 1920, shekararsa ta farko a Yankees, Ruth ya buga hom-ran 54, wanda ya zo na biyu a gasar, George Sisler, ya buga 19, kuma babu wata ƙungiya a American League, ɗaya daga cikin manyan gasanni biyu tare da National League, ban da tasa, da dukan 'yan wasanta suka haɗu suka kai abin da shi kaɗai ya buga. A 1927 ya kai 60. Ya gama da 714, ma'aunin bugunsa na rayuwa, wato yawan bugun da ya kai shi zango, kuma 342 ne cikin 1,000, wanda ya nuna ba ƙarfi kaɗai gare shi ba. Kafin zuwansa ana lallaɓa maki ne da gajeren bugu da satar zango, irin salon Ty Cobb. Shi ne ya sauya tunanin masu horarwa da masu ƙungiyoyi, kuma Mays da Aaron da Bonds duk a kan turbar da ya buɗe suka yi tafiya.

Ina kuma ganin an yi wa Ted Williams rowa a amsar Malam. Shi ne na ƙarshe da ya kai ma'aunin 400 a kaka guda a American League ko National League, a 1941. Ya shiga ranar ƙarshe ta kakar yana daidai bakin iyaka, da ya zauna a benci da an cike masa lissafin zuwa 400, amma ya buga wasanni biyun da suka rage, ya sami ƙwallo sau 6 cikin 8, ya gama da 406. Sau 482 cikin kowane 1,000 da ya tsaya bugu yakan kai zango, kuma babu wanda ya kai wannan a tsawon rayuwar wasa. Idan za a yi wa Mays uzurin aikin soja, to Williams ya fi cancantar uzurin, domin kaka uku cur ya rasa daga 1943 zuwa 1945, sannan yaƙin Koriya ya ɗauke masa mafi yawan 1952 da 1953, amma duk da haka ya buga 521. Rauninsa shi ne tsaron fili da gudu, wannan kuma ban musa ba.

Mai Lissafi ta amsa:

'Yan'uwa, ba za a gama wannan magana ba tare da an fuskanci batun Barry Bonds kai tsaye ba. Akwai ma'aunin zamani da ake kira WAR, wanda ke haɗa bugu da gudu da tsaron fili ya ƙiyasta yawan nasarar da ɗan wasa ya ƙara wa ƙungiyarsa. A lissafin da aka fi amfani da shi, Bonds da Ruth sun yi kusan kunnen doki a wajen 162, Mays yana biye da 156. Bonds ya buga hom-ran 762, da 73 a kakar 2001 kaɗai, ya saci zango sau 514, an zaɓe shi gwarzon gasa sau 7. Masu jifa sun ji tsoronsa har ta kai a 2004 sau 120 aka bar shi ya wuce zango na farko da gangan don kada ya taɓa ƙwallo. Tun a 1998 ma, Arizona ta taɓa yi masa haka alhali dukan zanguna uku a cike suke, wato ta gwammace ta ba da maki ɗaya kyauta da ta bar shi ya kai duka.

Sai dai ruwa ba ya tsami banza. Shekarun da ya fi yin abin mamaki sun zo ne bayan ya haura 35, shekarun da jikin ɗan wasa ya saba fara sanyi, kuma sunansa ya fito a binciken da aka yi wa kamfanin BALCO kan ƙwayoyin ƙara kuzari. Shi dai ya musanta cewa ya sha da saninsa, amma 'yan jaridar da ke zaɓen masu shiga Zauren Gwarzaye na Cooperstown sun hana shi kashi 75 cikin 100 da ake bukata har shekara goma, ya tsaya a kashi 66 a 2022. Ni ina sa shi a cikin biyar na farko saboda Bonds ɗin da ya ci kyautar gwarzo a 1990 da 1992 da 1993 ya riga ya cancanta tun kafin zargin, amma ba zan ɗora shi a kan Mays ba, wanda ubangidan Bonds ne tun Bonds yana yaro.

Wanda nake ganin ana tauye wa haƙƙi shi ne Hank Aaron. Bai taɓa buga 50 a kaka guda ba, shi ya sa ba a cika jin amonsa ba, amma kaka 20 a jere bai taɓa yin ƙasa da 20 ba. Da za a cire dukan hom-ran 755 da ya buga daga lissafinsa, zai rage da bugu mai kyau 3,016, adadin da shi kaɗai ya isa ya kai mutum Cooperstown. Ya karya tarihin Ruth a Atlanta ranar 8 ga Afrilu, 1974, bayan watanni yana karɓar wasiƙun barazanar kisa saboda launin fatarsa.

Tsohon Malami ya sake amsawa:

Ɗan Birni, hujjarka ta tazara da tsara tana da ƙarfi, amma sai an tambaya su wane ne tsarar. Ruth ya yi ritaya a 1935, shekara 12 kafin Jackie Robinson, wanda ya karya shingen hana baƙar fata, ya shiga fili da rigar Brooklyn Dodgers ranar 15 ga Afrilu, 1947. Ke nan a dukan wasannin gasa da ya buga bai taɓa fuskantar Satchel Paige, gwanin jifa baƙar fata, ba, kuma ba a taɓa auna bugunsa da na baƙar fata irin su Oscar Charleston ko Josh Gibson a gasa ɗaya ba. Wannan ba laifinsa ba ne, amma yana rage nauyin tazarar, domin an cire wani babban kaso na gwanayen ƙasar daga cikin waɗanda ya tsere wa. Mays da Aaron su kansu daga gasannin baƙar fata suka fito, Mays daga Birmingham Black Barons, Aaron daga Indianapolis Clowns, kuma abin da suka yi bayan an buɗe ƙofa ya nuna irin mutanen da aka daɗe ana rufe wa ita. Ted Williams da ka ambata ya fahimci haka, shi ya sa a jawabinsa na shiga Zauren Gwarzaye a 1966 ya yi kira da a shigar da Paige da Gibson.

Abu Safiyya, jerin naka na mutum shida yana bukatar ƙarin suna biyu. Na farko shi ne Gibson ɗin nan, mai cafka a bayan mai bugu, wanda ya yi wa Homestead Grays da Pittsburgh Crawfords wasa. A Disamba 2020 hukumar MLB, mai kula da manyan gasannin besbol na Amurka, ta amince cewa gasannin baƙar fata na 1920 zuwa 1948 manyan gasanni ne, a Mayu 2024 kuma ta haɗe alƙalumansu da na sauran, sai Gibson ya koma kan gaba da ma'aunin bugu 372, ya wuce Cobb, ya kuma wuce Ruth a ma'aunin ƙarfin bugu, 718 a kan 690. Gaskiya ne kakar gasanninsu gajera ce, wasannin da aka rubuta ba su kai na Ruth yawa ba, don haka ba zan sa shi na ɗaya ba. Amma mutumin da yake yin irin wannan bugu alhali yana tsugune tun daga farkon wasa har ƙarshensa, ƙwallo tana dukan yatsunsa da gwiwoyinsa, bai kamata ya fita daga goman farko ba. Ya rasu a Janairu 1947 yana da shekara 35, wata uku kafin Robinson ya shiga fili.

Na biyu shi ne Honus Wagner na Pittsburgh Pirates, wanda ya tsare gurbin da ke tsakanin zango na biyu da na uku, gurbi mafi wahala a cikin fili bayan na mai cafka, kuma duk da haka sau 8 yana zama zakaran bugu na National League. A zaɓen farko na Zauren Gwarzaye a 1936 ya sami ƙuri'a 215, daidai da Ruth, Cobb kuma ya fi su da 222. Ina ba ka shawara ka fara fitar da gwanin kowane gurbi tukuna, kamar Wagner a nasa, Gibson ko Johnny Bench a bayan mai bugu, Lou Gehrig a zango na farko, Mike Schmidt a na uku, kafin ka haɗa su a jeri ɗaya, domin idan ba haka ba masu tsaron bayan fili ne za su cinye maka dukan guraben sama.

Abu Safiyya ya rubuta:

Na gode ƙwarai, Malam, da sauran 'yan'uwa. A yanzu na sa Mays a gaba, Ruth na biyu, Aaron na uku, sai Williams da Bonds, amma hujjar Ɗan Birni ta 1920 ba ta bar ni na natsu da na biyun ba. Malam, idan hana baƙar fata shiga yana rage nauyin tazarar Ruth, ashe bai kamata ya rage ta Wagner da Cobb ba, tun da su ma a wannan zamanin suka yi wasa, haka ma ta Gibson, wanda shi kuma aka hana shi fuskantar Lefty Grove da sauran manyan masu jifa farare a gasa?