Masu galahanga (autism), yaya kuke ganin kanku kafin likita ya faɗa muku?

Maman Hanan: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tambayata ga manyan da aka tabbatar suna da galahanga, wato larurar nan da ke shafar yadda mutum ke magana da mu'amala da mutane, da iyayen yara masu ita. Kafin a gano, wane irin mutum kuka ɗauki kanku? Ni sai da aka duba ɗana, likita na jero alamomi, na ji ai ni take siffantawa. Tun ina ƙarama sunana miskila, har na yarda halina ne kawai marar kyau.

'Yar Gusau: Wa alaikumus salam Anti. Ni yabona ma ake yi. Ba na iya kallon idon mutane, ba na son zaman tsakar gida in an cika, sai a ce ga yarinya mai kunya da natsuwa. Sunkuyar da kai gaban manya ladabi ne a wurinmu, wa zai ce akwai matsala? Gaisuwa kuwa ta rufa min asiri, don tana da tsari: ina kwana, ina gajiya, ya yara, ya aiki. Na haddace ta tsaf. Da zarar an gama an shiga hira sakaka, kaina ya kulle. In na dawo daga gidan biki sai na rufe ɗaki na kashe fitila, ko magana ba na iyawa. Na daɗe ban san wacce ce ni ba, waccan mai murmushi a biki ko wannan ta ɗaki. Ana cewa yara maza da ake ganowa sun ninka mata kusan sau huɗu, ni dai ina zargin irinmu masu iya ɓoyewa ne ba a ƙirga ba.

Tela Mai Keke: Tawa matsalar jiki ce. Ba na jin yunwa yadda mutane ke faɗa. Ina kan keke tun hantsi, sai na ga allura na kauce wa layi, hannuna na rawa, sannan na tuna ban karya ba. Haka fushi. Maiɗakina ta ce me ke damunka, na ce ba komai, kuma wallahi iyakar sanina ke nan. Sai washegari na gane ƙarar janareton maƙwabci ce ta hargitsa ni. Yanzu waya ke tuna min lokacin abinci.

Ɗalibi a Ingila: Malam Tela, wannan sananne ne, da yawa daga cikinmu saƙon cikin jiki na zuwa musu a makare. Amma ban yarda da masu cewa ba mu san kanmu ba. Zancen ya yi ƙarfi bayan gwajin da masu bincike Simon Baron-Cohen da Alan Leslie da Uta Frith suka yi wa yara a 1985, inda suka nuna masu galahanga na shan wuyar hasashen abin da ke zuciyar wani. A 2012 wani mai bincike, Damian Milton, wanda shi ma mai galahanga ne, ya ce rashin fahimtar ta ɓangare biyu ce: su ma sauran mutane ba sa iya karanta mu. Ni kam sa wa kaina ido ya yi min yawa. Kowace hira sai na maimaita ta da dare, ina neman inda na yi ba daidai ba.

Baban Sadik: Ku dai kuna iya bayani, alhamdu lillah. Nawa yaron kalmominsa kaɗan ne. In yana son fura sai ya ce "kana son fura?", don haka ya ji muna tambayarsa. Kakarsa ta ce wani ne ke magana a bakinsa, aka yi ta ruƙiyya. Daga baya likita ya ce juya "ni" da "kai" tsohuwar alama ce, wani likita, Leo Kanner, ya rubuta ta tun 1943. Amma yaron ya san kofinsa, ya san rigar da ke masa ƙaiƙayi, kuma in ana zancensa a gabansa tashi yake ya fita.

'Yar Gusau: Baban Sadik, tashin nan da yake yi, don Allah ku kula da shi. Ni ma an sha tattauna ni ina zaune, kuma duk na ji.

Baban Sadik: Na gode 'yar'uwa, zan yi wa mutanen gidan magana. Akwai wanda ya gwada katunan hotuna wajen koya wa yaro cewa "ina so"? Malamarsa ce ta ba mu shawara, ba mu fara ba tukuna.