Ayu da Tumfafiya, Wa Ya Fi?

Ɗan Kwale-kwale:
Ayu nake wa kirari, dangin giwa,
Da huhu yake numfashi, yana nutso yana tasowa,
Kusan shekara cikinsa kafin haihuwa,
Nono a hammata, ɗa ɗaya ake shayarwa.

'Yar Fako:
Tumfafiya tana fure a tsakiyar fari,
Fari da shunayya, kunne biyar a jeri,
Naka in ruwa ya janye, Yaya,
Wa zai kai masa agaji da wuri?

Ɗan Kwale-kwale:
'Ya'yanta buhun iska, a matsa su fashe,
Farin ruwanta in ya shiga ido ya kashe,
Halin mai ita ke nan, ƙanwata,
Baki fari, dafi a ƙarshe.

Mai Tafi: Kai! Wannan ya shiga. 'Yar Fako, nemi ruwa ki sha.

Baba Aruli: Tafin me? Ɗangonsa na biyu a baitin farko ya karye, ya cusa "numfashi" da ƙarfi. Kari fa ba ado ba ne.

Ɗan Kwale-kwale: Baba, rera shi za ka yi, ba ƙirga shi da yatsu ba.

Baba Aruli: Na rera, na sarƙe. Ita ma ta bar ɗango na uku ba amsa-amo.

Gimbiyar Baiti: Da gangan ta yi, Baba, salo ne. Kullum gyara, yaushe rabonka da baiti?

Baba Aruli:
Ni ba na gaggawa, halin ayu gare ni,
Haƙorinsa in ya cinye, sabo na tafe a hankali.

Mai Tafi: "Ni" da "li"? Baba, yau gyara ya ci mai gyara.

'Yar Fako: Yanzu na dawo, ku matsa.
Dafina garkuwa ne, malam-buɗe-littafi ya sani,
Tsutsarsa ta ci ganye, tsuntsu ya bar ta don tsani,
Iska na ɗaukar irina, mutane sun kai ni Ostareliya da Barazil,
Naka daga Senegal zuwa Angola, can ma raga ta hana shi sukuni.

Ɗan Kwale-kwale: A Ostareliya da Barazil ciyawar banza suke kiranki, tuge ki ake yi.

'Yar Fako:
A tuge ni in tsiro, saiwata na da zurfi,
Ɗan'uwan naka na tekun Bering ina ya yi?
An gano shi 1741, mafarauta suka far masa,
1768 babu ko ɗaya.

Baba Aruli: Wannan kuma lissafi ne. A wane kari ake rera 1768?

Gimbiyar Baiti: A wanda ka rera "hankali".