Neman kalma: abin da ake sawa a haƙora don ciwon muƙamuƙi

Mai fassara: Salamu alaikum. Gobe da ƙarfe 10 za mu naɗi shirin lafiya kan ciwon gaɓar muƙamuƙi, ga shi na maƙale a kan "splint" ɗin da likitocin haƙori ke bayarwa. Na sa "karan ɗori". Ya yi?

Likitan haƙori: Wa alaikumus salam. Bai yi ba, Malama. Karan ɗori hana ƙashi motsi yake yi, wannan kuwa ba ya ɗaure komai. Roba ce mai tauri, kaurinta wajen milimita 2 a kan haƙoran tauna, tana rufe jerin sama gaba ɗaya. Ana ɗaukar siffar haƙoran a ƙera ta daidai bakin mai ita, sai a sa shi ya ciji takarda mai launi, a goge duk inda ya yi tudu har haƙoran ƙasa su sauka bai ɗaya. Da dare ake sawa. Ba ta hana cizon haƙora cikin barci, raba nauyin take yi, ta kare haƙoran daga cinyewa.

Malamin Hausa: Raba nauyi? Ai shi ne aikin gammo. "Gammon haƙora", an gama.

Likitan haƙori: Allah ya gafarta Malam, gammo laushi gare shi. Masu sauraro za su ruga kanti su sayo mai laushin nan da ake tsomawa a ruwan zafi, alhali wasu ƙara musu cizo take yi, su wayi gari tsokar kumatu da gefen kai na ciwo.

Ma'aikaciyar jinya: Marasa lafiya dai "robar haƙori" suke cewa.

Malamin Hausa: Roba! Hausa ta ƙare ke nan, sai mun ara?

Ma'aikaciyar jinya: To Malam, "likita" da "asibiti" fa, a gidan wa aka haife su?

Mai karatu daga Damagaram: Mu nan sunan Faransanci ake kira, ma'anarsa indararo, don siffarta. Amma na san in ba daga Kano kalma ta fito ba, ba ku karɓa.

Malamin Hausa: Ba zancen Kano ba ne. Wa zai kwana da indararo a baki?

Mai fassara: Don Allah ku dawo, lokaci na tafiya. "Kuben haƙora" fa?

Likitan haƙori: Wannan ya fi, don kube rufewa yake yi duka. Wadda ta tsaya a haƙoran gaba kaɗai, in aka daɗe ana sawa, na baya kan ƙara fitowa, cizo ya lalace. Ki faɗa musu a koma a sake daidaita ta bayan mako 1 zuwa 2, a wanke da ruwan sanyi da buroshi, ruwan zafi lanƙwasa ta yake yi.

Malamin Hausa: Kube na wuƙa ne. Amma ku sa, tunda kun fi ni yawa. Ni a aji gammo zan ce.

Mai fassara: Zan ce "kuben haƙora, wato robar da ake sawa da dare". Saura ƙarar ƙas-ƙas ɗin da gaɓar ke yi in an buɗe baki, ita kuma me za mu kira ta?