Mece ce Hausar "private citizen"?

Jiya da daddare a teburin mai shayi, nan ƙauyenmu da ke gefen Ringim, gardama ta kaure kan ko ya dace doka ta riƙa ɗaukar ɗan siyasa kamar kowa. Ƙanena da ke karatun lauya ya jefo wannan kalma ta Turanci. Aka ce ya faɗa da Hausa, sai ya hau sosa ƙeya.

Wanda ya fara cewa talaka, ca aka yi masa. Talaka kishiyar mai sarauta ne, kuma kalmar na ɗauke da warin babu. Tsohon gwamna da jerin motoci a gida ai ba talaka ba ne, alhali shi muke nema wa suna.

Farar hula ma ba ta shiga ba, tunda gwamna mai ci shi ma ba soja ba ne.

Mai shayi ya ce a bar shi a mai zaman kansa. Na ce to, in mace ce fa? Ka je ka kira tsohuwar minista da mai zaman kanta, mu ga ko za ka kwana a gida.

Inda maganar ta ɗaure shi ne rigar kariya. Sashe na 308 na kundin tsarin mulkin 1999 mutum huɗu kawai ya sa wa ita: shugaban ƙasa, mataimakinsa, gwamna da mataimakinsa. Sanata ba shi da ita, shi ya sa Bukola Saraki ya tsaya gaban kotun ɗa'ar ma'aikata a 2015 yana shugaban majalisar dattawa. Kuma rigar aro ce. Tsofaffin gwamnoni Joshua Dariye na Filato da Jolly Nyame na Taraba sai da suka tuɓe ta kafin a ɗaure su a 2018, ko da yake an yi musu afuwa a 2022.

Wani dattijo da tun ɗazu yake jiƙa burodi bai tanka ba ya ɗago ya ce, "Yaro, in an kawo maka shinkafa ba mai ba yaji, me kake ce mata?"

Na ce, "Tsura, Baba."

Ya ce, "To ɗan ƙasa tsura ke nan. Ba riga, ba jiniya, ba ɗan sanda a ƙofar gida."

Ni dai ta kwanta mini, don ba ta zagi kowa da talauci ba. Ƙanena na nan kan gama-garin ɗan ƙasa, wai ita ce alƙali zai yarda ya rubuta. Mutanen Haɗeja da Gumel, ku ya kuke cewa?