Gona ta zama fuloti: riba ce ko asara?

Malam Idi: Assalamu alaikum. Jiya a wajen ɗaurin aure Alhaji Bala ya yi wata magana da ta tsaya min a rai. Ya ce duk manomin gefen Kaduna da ya sayar da gonarsa aka yanka fulotai ya ci riba, garin ma ya ci riba. Ni ban yarda ba. Na kawo maganar nan ne don a yi ta a gabansa.

Alhaji Bala: Wa alaikumus salam. Ina nan a kan bakana, Malam. Lokacin da Gwamna Lugga ya dawo da hedikwatar Arewa daga Zungeru zuwa Kaduna a 1917, me ke nan in ba daji da ƙauyukan Gbagyi ba? Malali, Barnawa, Unguwar Rimi, duk gonaki ne a da. Gidan da kowannenmu yake kwana a ciki yau, a gonar wani aka gina shi. Ku dubi Rigasa tun da aka buɗe tashar jirgin ƙasa a 2016. Gonar da ba ta wuce ta ba mai ita buhu goma sha na masara ba, yanzu fuloti ɗaya a cikinta ya isa ya ja jari. Ga kuma masu iyali da kuɗin haya ya sha musu kai. A ina za su zauna?

Maman Ummi: Alhaji, ku yi haƙuri in sa baki. Mu da ke Tudun Wada ta ɓangaren kogi mu ke biyan kuɗin wannan ribar. Bara cikin dare ruwa ya shigo mana, na farka na ji ƙafata a cikin ruwa, katifar yara tana yawo a tsakar ɗaki. Buhun shinkafa da takardun makarantar Ummi duk sun tafi. Har yau shatin ruwan yana jikin bango, daidai ƙuguna. Da ina yarinya, bayan layinmu fadama ce, 'yan lambu na noman alayyahu da tumatir da rake. In kogi ya cika, can yake bazuwa ya kwanta. Yanzu an cike wajen da ƙasa, an yi gidaje, kowa ya shafe tsakar gidansa da siminti. Ruwan ya bi ta ina?

Injiniya Musa: Allah Ya mayar da alheri, Hajiya. Amma kada a ɗora wa fuloti laifin duka. Kogin Kaduna daga tsaunukan Jos yake tasowa, in an yi ruwa mai yawa a can sai ya iso mana ko da nan ba a yi ko yayyafi ba. Ambaliyar 2003 ta yi ɓarna sosai, alhali a lokacin yawancin sabbin unguwannin nan ba su wanzu ba. Ga shara da ledoji da suka toshe lambatu.

Maman Ummi: Na yarda da batun shara, Injiniya. To amma yanzu ruwan awa biyu ma shigo mana yake yi, ba sai kogi ya kawo ba.

Injiniya Musa: A nan kam kin yi gaskiya. Ƙasar noma tana shan ruwa a hankali, kwano da siminti da kwalta kuwa turo shi suke yi gaba ɗaya a lokaci guda. Inda na fi ganin matsalar shi ne awon igiya: a yanka gona ba a bar hanyar ruwa ba, ba a bar filin makaranta ko maƙabarta ba, layi ko mota ɗaya ba ya ɗauka. Da za a bi tsari a bar fadama da bakin rafi, da ni ma ina bayan Alhaji.

Yakubu: Ni ɗan manomi ne, daga wajen Danbushiya, inda Millennium City ta taso. Bari in faɗi abin da ya faru a gidanmu. Dillalai suka yi ta sintiri wajen Baba, suna ce masa gara ya sayar tun da daraja, kafin hukuma ta karɓe ta biya shi diyyar amfanin gona kawai. Tsoro ya kama shi, ya sayar. Ya yi wa yayyena biyu aure, ya yi rufin kwano, ya sayi keke napep guda ɗaya. Shekara uku ba ta cika ba kuɗin suka ƙare. Akwai bishiyar ɗorawa biyu da kaɗanya a gonar, da su Inna take yin daddawa da man kaɗe tana kai kasuwa, da kuɗin ta yi mana makarantar firamare. Rana ɗaya aka sare su, masu gawayi suka kwashe. Ba a ma sa su a lissafin ciniki ba, don ba wanda ya tambayi Inna. Yau masarar tuwo a mudu muke saye. Ni da kaina na yi leburanci a wannan gonar, ina ɗaukar bulo a daidai inda muke shuka gyaɗa.

Barista Hauwa: Tsoron da aka ba mahaifinka yana da tushe, Yakubu. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta sa ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana. In an karɓi fili don amfanin jama'a, diyyar ta abin da ke kansa ce, gini ko shuka, ba ta ƙasar kanta ba. Wanda yake ganin za a iya karɓe gonarsa gobe, ba da natsuwa yake ciniki ba. Shi ya sa kalmar riba ba ta kwanta min ba.

Jauro Buba: Mu ba a ma kira mu wajen cinikin. Burtalin da iyayenmu ke bi da shanu zuwa mashaya ta wajen Mando da Afaka, yanzu katanga ce. Dole shanu su hau titi ko su ratsa ragowar gonaki, daga nan faɗa ya tashi da mutanen da muka yi shekaru muna zaune lafiya.

Alhaji Bala: Na ji ku duka. Gini a fadama kuskure ne, ban taɓa goyon bayansa ba. Amma Yakubu, yarona, ka yi min uzuri: da Babanka ya sayar da rabi ya riƙe rabi, ko ya sayi wata gonar a gaba, da ba haka labarin yake ba. Ciniki daban, yadda aka kashe kuɗi daban.

Yakubu: Baba Alhaji, ya nemi riƙe rabin. Da aka kewaye shi da gidaje, awaki da yara suka hana shuka tashi, aka mayar da gefen gonar juji. Gona a gaba kuma sai wajen Birnin Gwari ko cikin Chikun, inda mutane suka bar nasu saboda 'yan bindiga. Yana gida yanzu, ba ya zuwa ko'ina da damina. Duk ranar da kuka samu sarari zan zo in ɗauke ku, ku ji daga bakinsa.