Ranar da kuka fara jin Martin Compston da ainihin lafazinsa

Mai buɗe zance: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Da yawanmu mun san Martin Compston ne ta shirin BBC mai dogon zango Line of Duty, wanda aka fara nunawa a 2012, inda ya fito a matsayin Steve Arnott, ɗan sanda mai falmaran da ke aiki a sashen AC-12 mai farautar 'yan sanda maciya rashawa. A cikin shirin Turancin mutanen Landan yake yi, alhali kuwa ɗan Sikotilan ne, an haife shi a 1984 a garin Greenock da ke bakin kogin Clyde. Ina roƙon waɗanda suka bi finafinansa su faɗa mana yadda suka fara karo da shi, da abin da suka ji ranar da suka saurari maganarsa ta gida.

Ma'aikaciyar jinya a Birmingham: Wa'alaikumus salam, Malam. Abokan aikina ne suka sa na fara kallon shirin, domin a 2021, lokacin da ake nuna zango na shida a daren Lahadi, ba su da wata hira da safiyar Litinin sai ita. Kashi na ƙarshe kaɗai mutum sama da miliyan 12 suka kalla a daren da aka nuna shi. A cikin wannan lokaci ne wata rana ina wanke-wanke a kicin na ji ana hira da wani mutum a talabijin, yana magana da sauri da lafazin Sikotilan mai nauyi, da na leƙo falo sai na ga fuskar Arnott. Na daɗe tsaye da soso a hannu ina kallon bakinsa, don in tabbatar cewa daga nan muryar take fitowa. Tun daga ranar girmansa ya ƙaru a idona, saboda na gane cewa kowace jimla ta dogayen tambayoyin nan da yake yi wa waɗanda ake zargi, da aron harshe yake furta ta.

Tsohon ɗalibi a Glasgow: Hajiya, ni akasin naki ne ya same ni. Da Sweet Sixteen na fara, fim ɗin darakta Ken Loach na 2002, wanda shi ne fitowar Compston ta farko yana ɗan shekara 17, bai taɓa tsayawa gaban kyamara ba. Wani maƙwabcina ɗan ƙasar ne ya ara mini faifan, ya ce idan na fahimci wannan, babu direban bas da zai sake ruɗa ni a Glasgow. Sai da na kunna rubutun da ke fitowa a ƙasan allo kafin na bi zaren labarin, kuma ko a wajen Sikotilan sau da yawa da irin wannan rubutu ake nuna fim ɗin ga masu jin Turanci.

Labarin wani yaro ne mai suna Liam, wanda mahaifiyarsa take kurkuku, za a sake ta dab da cikarsa shekara 16, shi kuma ya ƙudurta sai ya sama mata matsuguni nesa da mutanen da suka jefa ta cikin wahala. Neman kuɗin ne ya kai shi ga sayar da ƙwaya. Abin da ya kama ni shi ne yadda yaron yake cije leɓe, yana ƙin nuna rauni ko an lakaɗa masa duka, amma da zarar ya zauna gaban mahaifiyarsa a ɗakin ziyara sai ka ga yarinta ta bayyana a fuskarsa. Daga baya na hau jirgin ƙasa daga tashar Glasgow Central na je Greenock. Ana yayyafi, kogin ya yi faɗi, gidaje sun hau kan tudu, ga wuraren da a da ake ƙera jiragen ruwa kafin sana'ar ta durƙushe ta bar dubban magidanta babu aiki. A wani shagon soyayyen kifi da dankali na ji samari suna magana sak irin ta Liam. Shi ya sa da na ga Arnott bayan shekaru, na sha mamakin yadda ya iya ajiye wannan harshe. A ganina har yau bai yi wasan da ya fi na farkon nan ratsa zuciya ba.

Mai bin ƙwallon Sikotilan: Ɗan'uwa, ka manta da ƙwallo. Lokacin da mutanen Loach suke zagaya makarantu suna gwajin yara, Compston ɗan wasan ƙungiyar Greenock Morton ne, har ya buga wa manyan ƙungiyar wasa biyu. Ni a hirarsa kan ƙungiyar Celtic, wadda yake goyon baya, na fara jin muryarsa ta gaskiya. Ban yarda cewa wasan farko ya fi ba. A can rayuwar da ya sani aka ce ya nuna, kuma Paul Laverty ya rubuta masa labari mai ƙarfi, wanda ya ci kyautar rubutu a bikin Cannes na Faransa. Riƙe Arnott tsawon zango shida, kusa da gwanaye irin su Adrian Dunbar da Vicky McClure, shi ne aikin da yake buƙatar ƙwarewa.

Injiniya a Aberdeen: Ni ta shirin The Rig na 2023 na san shi, domin labarin ma'aikatan haƙo mai ne a Tekun Arewa, kuma na yi irin wannan aiki. Hazo mai abin al'ajabi da aka gina labarin a kansa bai burge ni ba, amma muryarsa a rediyon dandamalin haƙo man ta tuna mini da abokan aiki da muke jiran jirgi mai saukar ungulu tare.

Ma'aikaciyar jinya a Birmingham: Malam na Glasgow, ka sa mini sha'awar Sweet Sixteen. Zan iya kallonsa tare da yarana?

Tsohon ɗalibi a Glasgow: A'a Hajiya, ki bari sai sun kwanta. Ashar ta yi yawa a cikinsa, har hukumar tace finafinai ta Birtaniya ta ƙayyade shi ga 'yan shekara 18 zuwa sama, abin da ya fusata Loach, domin sa'o'in Liam da aka yi fim ɗin a kansu an hana su shiga sinima su gani.