Rufe lambar mota a hoton talla: me ya same ku?

Mai tambaya, daga Zariya:
Assalamu alaikum. Ina shirin sayar da motata Corolla ƙirar 2008, kuma na lura cewa yawancin masu saka hoton mota a Facebook da shafin saye da sayarwa na Jiji suna rufe lambarta, wasu da tsumma, wasu kuma su shafe ta a waya. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, lambar nan kullum a fili take a kan titi. Ina roƙon waɗanda suka taɓa sayarwa su faɗi abin da ya same su da kansu.

Wata malamar makaranta, daga Kaduna:
Wa alaikumus salam. Malam, wanda ya ga lambarka a titi wucewa yake yi, amma hoto yana nan a hannun duk wanda ya sauke shi. Na saka hotunan motata guda shida ba tare da na rufe komai ba, ashe wani ɗan damfara ya kwashe su ya sake tallata motar a rabin kuɗinta, har ya karɓi kafin alƙalami daga wani bawan Allah. Bayan kusan wata guda na fito daga Kasuwar Barci na tarar da mutumin tsaye a jikin motar, yana gwada lambar da hoton da ke wayarsa, yana cewa ai ya biya. Sai da maigidana ya zo da takardu muka je ofishin 'yan sanda kafin ya yarda cewa ban san wanda ya cuce shi ba. Da na rufe lambar, wataƙila da an damfare shi duk da haka, amma da bai biyo sawuna ba.

Wani dillalin motoci, daga Kano:
Hajiya, Allah ya kiyaye gaba. Ni dai ba na rufe ta gaba ɗaya, domin haruffa ukun farko suna nuna ƙaramar hukumar da aka yi rajista, kuma mai saye yana son ya gani. Idan ya ga ABJ ta yankin Abuja hankalinsa yakan kwanta, idan kuwa KJA ce ta Ikeja sai ya fara tambayar tsatsa da wahalar cunkoson Legas. Ina barin haruffan, in rufe sauran. Kuma a duba madubin gefe da gilasan ƙofa, saboda masu motoci da yawa sun sa an zana lambar a jikinsu don tsoron ɓarayi, na kuwa sha ganin wanda ya rufe ta gaba da baya amma ga ta ɓaro-ɓaro a madubi.

Wani ma'aikaci, daga Gusau:
Ni ta ɓangaren mai saye zan yi magana. Na ga wata Honda da aka rufe lambarta, na nemi mai ita ya turo mini a keɓe, sannan na duba a shafin tantance lamba na hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, wato FRSC, sai ya nuna cewa lambar ta wata mota ce daban. Tun daga nan, duk wanda ya rufe lamba a talla ba na zarginsa, amma wanda ya ƙi ba ni ita da lambar shasi mai haruffa da alƙaluma 17 bayan mun yi magana, ba na zuwa ganin motarsa.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai. Na fita na duba yanzu, lallai akwai lambar a madubai biyun da gilashin baya, don haka gobe da safe zan sake ɗaukar hotunan, kuma ba a ƙofar gida ba.